Ina neman Hausar "headphone correction" kafin Asabar

Mai Jita: Sannunku jama'a. Ranar Asabar zan koyar da matasa 12 masu kaɗa jita a nan Kaduna, yawancinsu a coci suke wasa, kuma na yi musu alkawarin takardar darasi da Hausa. Yau Laraba, mai buga takardar yana son ta gobe da yamma. Kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi.

Ga yadda abin yake. Yanzu da yawanmu mun daina jigilar amfilifaya, wato na'urar ƙara wa jita ƙarfin sauti, sai ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa, mai kwaikwayon amfilifaya da lasifikarta, irin wanda na'urar POD ta kamfanin Line 6 ta yayata tun 1998. Da dare kake zama da hedfon kana tsara muryar jitarka don kada maƙwabta su tsine maka. To kowane hedfon da son zuciyarsa. Nawa yana ƙara tsini a sama, ni kuwa ban sani ba, na yi ta rage tsinin a cikin akwatin har ya yi mini daɗi. Ranar Lahadi aka jona ni da manyan lasifikoki, jitar ta fito kamar an lulluɓe ta da bargo. Maganin shi ne manhaja wadda ta san halin hedfon ɗinka, ta rage inda ya yi ƙari, ta cika inda ya tauye, abin da Turawa ke kira "headphone correction". Na rubuta "gyaran hedfon", ƙanena ya karanta ya ce ashe haɗa wayar da ta tsinke za a koya musu. Ku taimaka.

'Yar Rediyo: Ƙanenka ya yi gaskiya, gyaran hedfon sai rumfar mai gyaran rediyo. Gyaran sauti fa?

Injiniya Fagge: Hajiya, wannan ya fi na farko haɗari. Idan yaro ya ji "gyaran sauti" zai ɗauka jitar ake yi wa kwalliya, ya ɗora abin a kan layin da ake naɗa. Alhali wannan gyara na kunnenka ne kai kaɗai. Ba ya shiga abin da aka naɗa, ba ya zuwa lasifikar jama'a. Duk wanda ya manta bai kashe shi ba lokacin fitar da waƙa, ya aika wa duniya maganin cutar da hedfon ɗinsa kaɗai ke da ita. Mu a studiyo "saita hedfon" muke cewa.

'Yar Rediyo: Saita hedfon a wurina shi ne in ja shi ya zauna daidai a kan ɗankwali.

Ɗan Damagaram: Ku dakata. Mutum idonsa ba ya gani daidai, likita ya auna, ya ba shi gilashin da zai mayar da abin yadda yake. Gilashin bai canza duniya ba, kuma idan wani ya ara sai ya ga jiri. Shi ne wannan sak. TABARON KUNNE. Na ba ku kyauta.

Malam Nahawu: Assalamu alaikum. Kafin a tafi nesa, ɗana, ba a cewa tabaron. Kalmar da ta ƙare da au ko ai tana zubar da wasalin ƙarshe idan za ta ɗauki mahaɗi: kibau, kiban maharbi, rai, ran sarki. Saboda haka tabaran kunne. Na biyu kuma, ina mamakin yadda kuka zauna neman Hausar rabin magana, kuka bar "hedfon" yana zaune daram kamar ɗan gida. Harshen da ya samar da mabuɗi da ma'auni da magogi bai gaza samar da sunan abin ji ba. Ina ba da shawarar majiyi.

'Yar Rediyo: Ranka ya daɗe, mu a ɗakin labarai majiya ita ce wadda ta tsegunta mana magana. Idan na ce majiyina ya lalace, edita zai tambaye ni wa ya saye shi.

Malam Nahawu: To masaurari.

'Yar Rediyo: Shi ne wanda ke bugo mana waya daga Funtuwa yana gaida surukansa.

Ɗan Damagaram: Malam, na karɓi gyara, tabaran kunne. Amma hedfon ɗin ma ai naku ne na Najeriya. Mu nan kas muke cewa, daga Faransanci. Shi ya sa nawa ya fi, ba Ingilishi ba Faransanci, Kano ta gane, Maraɗi ta gane.

Mai Jita: Yaran nawa ma iyafis suke ce wa komai, babba da ƙarami. Don Allah a bar hedfon yadda yake, lokaci nake bi. Wani ya turo mini "miƙar da sauti" ta waya, tun da Turawa suna cewa a mayar da shi flat. Yaya kuka gani?

Injiniya Fagge: Kada ka sa. Kalmar Turancin ma yaudara ce. Idan aka auna hedfon mai kyau a kan kunnen roba, layin da ke nuna ƙarfin sautinsa daga kauri zuwa tsini ba ya fitowa a miƙe, yana da tozo wajen 3,000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko tsinin sauti). Dalili shi ne, idan sauti ya taso daga lasifika a gabanka, fatar kunne da ramin kunne suna ƙara masa ƙarfi a daidai wurin, ƙwaƙwalwa kuma ta saba da hakan. Hedfon da aka miƙe layinsa sarai sai a ji shi kamar a rijiya. Shi ya sa ake da layin da ake nufa. Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin Harman, wanda Sean Olive da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 2013 bayan sun yi ta gwada masu sauraro, kuma har da ɗan ƙarin bes, wato sauti mai kauri, a ƙasa. Kamfanin Sonarworks na ƙasar Latbiya suna da nasu layin a manhajarsu ta SoundID Reference. Shafin intanet na AutoEQ kyauta ne, ka sa sunan hedfon ɗinka ya ba ka lambobin da za ka shigar. Kowannensu yana kai hedfon ga wani ma'auni ne, kamar yadda ake duba sikelin mahauci da dutsen awo. Ni "daidaita" nake gani.

Ɗan Damagaram: Injiniya, duk wannan dogon bayani ai tabarau ka siffanta. Likita ma ma'auni yake bi.

Injiniya Fagge: Akwai inda tabaranka ya gaza, ɗan'uwa. Mai tabarau yana ganin abin da kowa ke gani. Mai jita kuwa, ko an daidaita masa hedfon, ba zai ji abin da ya saba ji tsaye gaban amfilifaya ba. Abin da ke cikin akwatin hoton muryar lasifika ne da aka ɗauka da makirfo, sau da yawa SM57 manne da bakinta. Lasifikar jita mai inci 12 tana zubar da kusan duk abin da ya haura 5,000 Hz, kuma a ɗaki ba ka kafa kunnenka a bakinta, bango da ƙasa suna tausasa maka. A hedfon babu ɗaki. Yaro zai sa "tabarau" ya ji har yanzu jita na zuba masa yashi a kunne, ya ce ƙarya aka yi masa. Wannan kuma sai a ƙara ɗan amon ɗaki, wani darasi ne daban.

Malam Nahawu: Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Kuna ta aro, makirfo, bes, studiyo, har ita jitar. Muna da garaya, muna da gurmi, muna da molo. An ce mana "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ba za ta zauna ba, ga ta a bakin 'yan jarida. An ce "yanar gizo" wasa ne. Lalaci ne kawai, musamman ku na kudancin Kaduna da Jos da kuka mayar da Hausa ruwan kasuwa.

Mai Jita: Baba, da girmanka. Da wannan Hausar ta ruwan kasuwa kakata ta yi waƙar coci shekara da shekaru, da ita kuma zan koyar ranar Asabar. Kuma garaya tsirkiya 2 gare ta, jita 6. Idan na ce su kawo garaya, garaya za su kawo.

'Yar Rediyo: Malam, manhaja da kake amfani da ita kullum daga Larabci take, ba ka taɓa korar ta ba. Aron Gabas halal, na Yamma haram? Kuma a kasuwar waya kwamfuta ake saya, na'ura mai ƙwaƙwalwa sai a labaran ƙarfe 7.

Malam Nahawu: Larabci ya yi ɗaruruwan shekaru a gidan nan, 'yata, ya zama ɗan'uwa. Ban yi nufin ɓata wa kowa ba. Amma idan daidaita za ku ɗauka, ku rubuta shi daidai: daidaita hedfon idan da abin da aka daidaita a gaba, daidaitawa idan ta tsaya ita kaɗai. Kada in ga "daidaitawan hedfon".

Injiniya Fagge: Mai Jita, ƙara musu gargaɗi ɗaya. Idan ta kwamfuta za su bi, manhajar tana da yanayin da ke riƙe sauti na milisakan masu yawa kafin ta sake shi. Wajen haɗa waƙa ba komai, wajen kaɗawa bala'i ne. Sauti yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, to da riƙewar ta wuce milisakan 10 ka fara jin yatsa na gaba, sauti na baya. Su zaɓi yanayin da ba ya riƙewa. Turawa latency suke cewa.

'Yar Rediyo: Jinkiri.

Malam Nahawu: Jinkiri. Wannan ba gardama.

Mai Jita: Na gode, ga abin da zai tafi wurin mai bugawa. Kan darasi: "Daidaita hedfon". Layin farko: "Wannan kamar tabarau ne, na mai shi ne kaɗai, a cire shi kafin a naɗa ko a jona da lasifikar jama'a." Akwatin kuma na sa "na'urar kwaikwayon amfilifaya" sau ɗaya, daga nan sai fedal, yadda yaran ke kiran ta.

Malam Nahawu: Rabin kan darasin Hausa ne. Na ji, ban ce na yarda ba. Majiyi yana nan yana jira.

Ɗan Damagaram: An sauke ni daga kai zuwa layin farko, ba komai. Mai Jita, bayan sati 2 ka tambayi yaran wanne suka riƙe. Idan ba tabaran kunne ba ne, kilishi na kaina.