Kayan kwalliya masu araha da ba a gwada su a kan dabbobi ba, suna zama a fuska kuwa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yanke shawarar daina sayen kayan kwalliyar da ake gwadawa a kan dabbobi tun ranar da na karanta yadda ake ɗiga sinadari a idon zomo domin a ga ko zai yi ja ko ya kumbura. Sai dai aljihuna ba shi da nauyi, kuma an daɗe ana cewa araha ba ta ado. Shin masu sauƙin kuɗin nan suna kai wa yamma a fuska, ko kuwa da zarar gumi ya keto sai su kama gabansu?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Yi wa mutane kwalliya ce sana'ata, kuma zan gaya miki cewa gwaji a kan dabba bai taɓa ƙara wa hoda kyau ba, domin abin da ake nema da shi shi ne sanin ko kaya zai yi lahani, ba ko zai daɗe a fata ba. Tarayyar Turai ta kammala haramta sayar da kayan kwalliyar da aka yi wa irin wannan gwaji a watan Maris na 2013, kuma kamfanoni sun koma gwaji a kan fatar da ake rainonta a ɗakin bincike da kuma mutanen da suka amince da kansu.

A hannuna, jagira da maskara da jan baki na kamfanonin e.l.f. da Essence, masu araha da ba sa gwaji a kan dabbobi, ba su gaza masu tsada ba. Sau da yawa kwalba mai ƙyalli da talla ake biya wa kuɗi. Inda nake taka tsantsan shi ne fandeshin, wato abin da ake fara shafawa a fuska don daidaita launin fata. Na taɓa shafa wa wata baiwar Allah wani fandeshin mai araha wanda ya dace da ita sarai a madubi, amma bayan awa ɗaya ya haɗu da maiƙon fatarta ya koma ruwan lemo, har wuyanta da fuskarta suka zama kamar na mutum biyu. Tun daga ranar nake ɗiga kaɗan a gefen haɓa, in jira rabin awa, sannan in duba a hasken rana. Mai duhun fata ta ƙara lura, domin wasu masu arahar launukansu kaɗan ne, kuma sukan bar toka-toka a fuska.

Amsa ta biyu:
Ƙanwata, ki kula da abin da aka rubuta a jikin kwali, domin a Amurka babu dokar da ta fayyace ma'anar iƙirarin cewa ba a gwada kaya a kan dabbobi ba, saboda haka kowane kamfani zai iya zana zomonsa ya manna a matsayin alamar hakan. Tambarin da nake amincewa da shi shi ne Leaping Bunny, wanda ke bin diddigi har zuwa masu sayar wa kamfani sinadarai. Akwai kuma batun uwar kamfani: NYX ba ya gwaji a kan dabbobi, amma tun 2014 mallakar kamfanin L'Oréal ne, wanda ake taƙaddama a kan matsayinsa game da gwajin dabbobi, kuma wannan hukunci ne da kowace za ta yanke wa kanta. Ni ina saya, ƙawata kuwa ko kallonsa ba ta yi.

Amsa ta uku:
Ƙarin bayani kaɗan, 'yar'uwa. Rashin gwaji a kan dabba ba ya nufin babu abin dabba a ciki. Wasu jan baki masu ja wur ana samun launinsu daga wani ɗan ƙwaro da ake busarwa a niƙa, kuma a jerin sinadarai za ki gan shi da lambar CI 75470. Akwai kuma kakin zuma da maiƙon ulun tumaki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na ɗauko jan bakina na duba, ga lambar nan ɓaro-ɓaro a ƙasan kwalin. Zan fara da maskara da jagira, fandeshin kuma sai na samu wanda zan gwada a haɓa tukuna.