Sikafol ɗin gora a bene mai hawa uku: in hau ko in ƙi?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Fenti nake yi a ƙarƙashin wani masta, mun samu aikin bene mai hawa uku a wajen Asokore Mampong, kusa da Kumasi a Ghana. Ciki mun gama, saura waje. Mai gidan ya ce ba zai biya hayar sikafol (abin da ake kafawa a jikin gini a hau a yi aiki) na ƙarfe ba, a yi amfani da gorar da birkiloli suka bari. Gorar nan damina ta wuce a kanta, katakon wawa (sunan wani itace ne) da aka shimfiɗa kuma ragowar wanda aka zuba kankaren bene da shi ne, duk ramin ƙusa. Na taka guda ɗaya a hawa na biyu ya lanƙwashe. Da na yi magana masta ya ce shi igiya kawai yake ɗaurawa a ƙugu tun kafin a haife ni. Ranar Litinin za mu fara. Ina da mata da jariri, kuma ba na son in rasa wurin nan. Me kuka gani?

Tsohon Kafinta, Asawase:
Wa alaikumus salam. Ɗana, igiyar ƙugun nan ka bar ta. Idan ka faɗo da ita, duk nauyinka a ciki da ƙashin baya zai tsaya, kuma me za ka ɗaura ta a kai? Gorar da kake tsoro? Tare za ku sauko.

Katakon wawa ba shi da nauyi, shi ya sa muke son sa, amma ruwa na cin sa da wuri. Wanda ya sha siminti ya sha ruwan sama, samansa lafiya, cikinsa ya zama burodi. Ka juya kowanne ka duba ƙasansa, ka soka ƙusa, in ta shige ba gardama a jefar. Gora kuma wajen ɗauri take mutuwa, nan ƙusa ke tsaga ta. Ka duba gindinta ma, ƙasar Kumasi in ta jiƙa ƙafa ɗaya na iya nutsewa cikin dare. Kuma dole a kafe sikafol ɗin da jikin gini, a sa sanda a bayanka daidai ƙugu. Mai fenti idonsa na kan bango, baya yake ja yana duba aikinsa, a nan ake faɗowa.

Kada in ga ka hau da calewate, wato silifas. Yaran yanzu har waya suke amsawa a sama.

Maman Fauziyya:
Ƙanina, ni aikin jinya na yi a asibitin Komfo Anokye. Kada ka ɗauka sai daga can ƙololuwa ake illata, wanda ya faɗo daga kan tsani ma yana iya rasa ƙafafunsa in baya ya taɓu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake kawo su: an ciccibo mutum hannu da ƙafa an cusa a tasi, kai na lilo. Wani lokacin ɗaukar ce ke ƙarasa lakar. In wani ya faɗo a wurinku, kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa, a riƙe kansa da wuyansa yadda suke, a kira lambar gaggawa 112.

Abu Usman:
Doka tana bayanka. Dokar ƙwadago ta 2003, Act 651, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki samar da kayan kariya ba tare da ya cire a kuɗinka ba, sashe na 119 kuma ya ba ka damar janye jikinka daga aikin da ka ga haɗari ne ga ranka, ka sanar da na gaba da kai, ba a kore ka ko a riƙe ladanka a kan haka ba. Akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 1987, PNDCL 187.

Tsohon Kafinta, Asawase:
Malam Abu, gaskiya ka faɗa, amma yaron nan ba takarda tsakaninsa da masta, kuma gobe a masallaci ɗaya za su haɗu. Ɗana, kada ka fara da doka. Ka sami dattijon da masta ke jin nauyinsa ku je tare, a nuna masa in wani ya faɗo shi za a fara tambaya, ba mai gida ba. Sai shi ya koma wa mai gidan da lissafi. Ba sai an zagaye gidan da ƙarfe ba, a yi hayar na bango ɗaya a riƙa matsar da shi.

Ɗan Aboabo:
Na gode Baba, na gode Mama. Kawun masta maƙwabcinmu ne, zan same shi bayan Isha'i. Na manta ban faɗa ba, wayar wutar ECG, kamfanin lantarki, ta bi ta gefen gabas, kusa sosai da barandar sama. In ƙarfen muka samu, yaya za a yi da wannan ɓangaren?