Wai hadda ce ke sa ɗalibi ya iya harshe?

Malamin Nahawu: Ni dai ina nan a kan bakana: ɗaliban kwalejin Islamiyya sun fi na boko juriya, shi ya sa harshe ya fi zama a kansu. Yaron da ya haddace izu 60, ya ɗora da baiti 1,000 na Alfiyyar Ibn Malik, waƙen nan na nahawun Larabci, wane jerin kalmomi ne zai razana shi?

Malamar Turanci: Allah gafarta Malam, hadda daban, magana daban. Na sha ganin mai Alfiyya a ka, i'irabi, wato feɗe jimla a nahawu, kamar ruwa, amma Balarabe ya yi masa tambaya sai ya kama inda-inda. Kar a ce na yi son kai, nawa ɗaliban ma haka suke: a ci jarabawa, baki kuma a ɗinke.

Malamin Nahawu: Ai Balaraben ma ba Larabcin littafi yake yi a titi ba, Malama.

Ɗalibi: Malam yana da gaskiya ta wani gefen. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana saurin zubewa, sai in ana komawa kansa lokaci-lokaci. To mene ne tishi in ba wannan ba? Mu da muka yi boko zalla sai jarabawa ta ƙarato muke buɗe littafi.

Malamar Turanci: Na yarda da tishi. Amma akwai juriyar da allo ba ya koyarwa: ka miƙe a aji ka yi kwaɓa, a yi maka dariya, gobe ka sake miƙewa. Wanda ya saba da cewa kuskuren wasali ɗaya babban abu ne, shi ya fi kowa tsoron buɗe baki. Sannan Malam, waɗanda suka sauke kawai kake ƙirgawa. Ina waɗanda suka gudu tun a izu biyar?

Malamin Nahawu: Waɗanda suka gudu ai su ne marasa juriyar.

Malamar Turanci: Ka ga ke nan tace su kuka yi, ba ku kuka ba su juriyar ba.

Malamin Nahawu: Turo min goma daga cikin naki, mu yi wata uku tukuna.

Malamar Turanci: Na yarda, in za ka ba ni naka goma su yi muhawara da Larabci, ba takarda a hannu.