Allura ta soki mai goge-goge: sakaci ko gajiya?

Maman Hanif: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Daren jiya allura ta soki wata dattijuwa mai goge-goge a ɗakin majinyatanmu, tana naɗe zanin gado. Wani ya ɗebi jini ya bar allurar nan, ga kwalin zuba allurai a ƙasan tebur. Sakacin likitoci ya ishe mu.

Dakta na Bukuru: Sista, janye kalmar sakaci. Likita ɗaya ne a kiran dare, an ɗauke wuta, da fitilar waya ake neman jijiya. Gajiya ce.

Maman Hanif: Gajiya ta hana ka taku biyu zuwa kwali?

Malam na Lab: Ku fara taimakon baiwar Allah. A wanke wurin da sabulu da ruwa, kada a matse. Maganin kariya daga HIV kafin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. A duba ko ta yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 ce. Ciwon hantar ya fi saurin kamawa, yana kai mutum 30 cikin 100 da allurar mai cutar ta soka, HIV kuwa kusan 3 cikin 1,000.

Dakta na Bukuru: Sakaci shi ne ka sani ka ƙi. Ku nas-nas ba kullum kuke mayar da murfin allura da hannu biyu ba? A nan aka fi sokuwa, ban ji kin kira shi sakaci ba.

Anti Terminus: Yaro, kana firamare na fara aiki. Iya bakinka.

Dakta na Bukuru: Anti, da girmanki, shekaru ba hujja ba ne.

Baban Ummi: Kwalin ma fa cika yake har allurai na leƙowa. In ya kai kashi 3 cikin 4 ake rufewa, sito kuma su ce babu sabo.

Anti Terminus: Ya ce mini shekaru ba hujja ba ne, kowa ya yi shiru?

Maman Hanif: Haka suke, Anti. Ɗakin hutu ma nasu ne kawai.

Admin (Babbar Sista): Ya isa. Abin da na fahimta, mafi yawa sun yarda sakaci ne, kuma daga likitoci yake. Batun murfi ba shi aka kawo ba. Dakta, ka ba Anti haƙuri. Na rufe tura saƙo sai bayan Isha'i.