Wai tsoron Allah ne ke jan gwamnoninmu ko tsoron ƙuri'a?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Dan Allah ina da tambaya, kar wani ya ce na taɓa addini. Lokacin azumin 2025 da Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu har ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ta surutu, shin gwamnonin nan imaninsu ne ya sa su ko lissafin zaɓe ne? Don ni na kasa gane ta ina ake rarrabewa. Masu ilimi a taimaka.

Malam Na Gusau:
Wa alaikumus salam. Ƙanena wannan tambayar ta girmi 2025. Mu nan Gusau muka ga farkonta, Oktoban 1999 da Yariman Bakura, gwamnan Zamfara na lokacin, ya ƙaddamar da Shari'a, garin ya cika maƙil, mutane daga ko'ina har kwana ake a masallatai da tasha saboda babu masauki. Wlh talaka da zuciya ɗaya ya fito, shi a ganinsa an gama cin hanci, alƙali ba zai ƙara sayar da hukunci ba. To wa aka fara yanke wa hannu? Buba Jangebe, a 2000, kan satar saniya. Daga nan zuwa yau ka nuna min kwamishina ɗaya ko shugaban ƙaramar hukuma da kotun Shari'a ta taɓa a kan dukiyar jama'a. Ni ban ce Yarima ba shi da niyya ba, zuciya Allah kaɗai ya san ta, amma hukuncin ƙasa-ƙasa ya yi ta bi, bai hau bene ba.

Maman Ummi:
Malam ka yi gaskiya amma ka bar rabi. Su ma gwamnonin ba duka ne suka so ba, tura su aka yi. Kwankwaso a Kano ai jan ƙafa ya yi ta yi sai da malamai da jama'a suka matsa lamba kafin a ƙaddamar a 2000, kuma duk da haka a 2003 Malam Shekarau ya kayar da shi, maganar Shari'a na cikin abin da aka yi kamfen da shi. Shekarau ne ya zo ya ƙarfafa Hisbah ya kawo shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu. Kenan ko gwamna bai yi don Allah ba zai yi don kujera, mu ne muke riƙe da bulalar. Ni ban ga laifi ba ma idan ɗan siyasa ya ji tsoronmu, ai dimokuraɗiyyar kenan ko?

Ɗan Fagge:
To Hajiya idan haka ne ai Obasanjo bai yi ƙarya ba da ya ce Shari'ar siyasa ce, za ta lafa da kanta.

Bakaduna:
A'a kar ka kai can, jihohi 12 suka ɗauka kuma kotunan na nan suna aiki har gobe, aure da gado da rikicin bashi duk can talaka ke zuwa. Ni dai abin da nake dubawa shi ne inda shawarar ta ci wa mutum wani abu. Makarfi, gwamnan Kaduna na lokacin, bayan rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 da aka rasa rayuka masu yawa, bai yi irin ta Zamfara ba, ya bar kotun Shari'a ga Musulmi, kotun gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba, ya sha zagi daga ɓangarorin biyu, kuma shi ma Musulmi ne mai sallah. Raba kujerun Makka da buhun shinkafa da azumi kuwa ba daga aljihun kowa yake fita ba, kuɗin gwamnati ne.

Maman Ummi:
Hmm Bakaduna kar ka taɓo kujerun Makka, unguwarmu duk shekara masu riƙe wa ɗan majalisa jaka ne ke tafiya, limamin da ya shekara talatin yana jan sallah ko sunansa ba a rubutawa.