Shin sai malamin shari'ar laifuka ya fara zama lauya a kotu?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman ƙarin bayani game da Bryan Stevenson, lauyan nan ɗan Amurka da ke koyar da shari'a a Jami'ar New York. Wace hanya ya bi har ya kai wannan matsayi, kuma shin wajibi ne mutum ya yi aiki a kotu kafin ya koyar da wannan fanni?

Malam Tanko:
Wa alaikumus salam. An haife shi a jihar Delaware a 1959, ya kammala karatun lauya a Harvard a 1985, sannan ya koma kudancin ƙasar yana kare fursunonin da aka yanke wa hukuncin kisa, waɗanda galibinsu ba su da halin ɗaukar lauya. A 1989 ya kafa ƙungiyar Equal Justice Initiative, mai ba irin waɗannan fursunoni lauyoyi, a birnin Montgomery na jihar Alabama. Shari'ar da ta fito da sunansa ita ce ta Walter McMillian, wanda masu taya alƙali yanke hukunci suka ba da shawarar a yi masa ɗaurin rai da rai, amma alƙalin ya yi watsi da shawarar ya yanke masa kisa. An sake shi a 1993 bayan an gano shaidun ƙarya aka kafa a kansa. Koyarwar Stevenson a Jami'ar New York ta zo daga baya, a 1998. A ganina, wanda ya zauna da fursuna yana jiran ranar mutuwarsa ba zai karantar da dokar yadda wanda ya tsince ta a littafi kawai zai karantar ba.

Hajiya Lauya:
Na yarda da Malam, sai dai ba sharaɗi ba ne. Akwai malaman da bincike ne sana'arsu, kuma ana buƙatarsu. Abin da gogewa ke ƙarawa shi ne sanin cewa a Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen laifi ana samunsu ne ta yarjejeniya, wato wanda ake tuhuma ya amsa laifi a sassauta masa, ba tare da an saurari shaidu ba.

Malam Tanko:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma shi Stevenson bai ajiye aikin kotu don ya shiga aji ba, domin a 2012 shi ya tsaya gaban Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Miller da Alabama, inda kotun ta haramta dokokin da ke tilasta wa alƙali yanke wa yaro ɗan ƙasa da shekara 18 ɗaurin rai da rai ba tare da damar sakin talala ba.