Ashe duron ɗin ɗaukar hoto zai iya yi wa helikwafta illa?

Sani Mai Hoto: Jama'a, ni fa ina ganin ana zuzuta maganar nan. Duron ɗin, wato ɗan jirgi mara matuƙi, da muke ɗaukar biki da shi bai fi nauyin kaza ba. Iskar farfelar helikwafta kaɗai ta ishe shi, tun kafin ya matso za ta watsar da shi.

Injiniya Bashir: Malam Sani, an riga an gani. A watan Satumban 2017 wani duron samfurin DJI Phantom 4 ya yi karo da helikwafta Black Hawk na sojan Amurka a Staten Island, birnin New York. Iska ba ta ture shi ba. Ya lotsa farfela, har an tsinci guntun injinsa a jikin jirgin.

Sani Mai Hoto: To, ya faɗi?

Injiniya Bashir: Ya sauka lafiya.

Sani Mai Hoto: Ka ji ko!

Hajiya Rabi: Haba ƙanena, jirgin yaƙi ne fa, don shan wuya aka ƙera shi. Kwatanta da ƙaramin helikwafta Robinson R44 mai kujera huɗu. Kuma kaza nama ce da gashi, duron kuwa ƙarfe ne da batir. Iskar farfela ƙasa take bugawa, shi kuma jirgin gaba yake sheƙawa, gilashin matuƙi ne zai fara cin karo.

Auwal: Ni ba nan damuwata take ba, Yaya. A Amurka da Turai an kayyade wa duron ƙafa 400, wato mita 120. Idan na tsaya ƙasa da haka, helikwafta ya sauko ya same ni, laifin wa?

Injiniya Bashir: Naka, in ba ka kauce ba. Mai ɗauko majiyyaci ko mai aikin ceto dole ya yi ƙasa, kuma da wuya ya hango abu kamar faranti. Na Staten Island ma wajen ƙafa 300 yake, bai haura iyaka ba. Abin da ya kayar da mai shi, duron ɗin ya yi nisan kusan kilomita 4 daga inda yake tsaye, allon na'urarsa kawai yake kallo.

Sani Mai Hoto: Wannan ganganci ne. Nawa DJI Mini ne, ko giram 250 bai cika ba.

Hajiya Rabi: Irinsa ne ya huda fiffiken jirgin kashe gobara a Los Angeles a Janairun 2025. Wuta na cin gidaje, jirgin na ajiye kwanaki ana gyara.

Sani Mai Hoto: Wancan ai ba helikwafta ba ne, Hajiya.

Auwal: Malam Sani, tsakani da Allah, kana da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro?

Sani Mai Hoto: Auwal, wannan kuma wata muhawarar ce. Injiniya, bikin da zan ɗauka ran Asabar a bayan filin jirgi yake.

Injiniya Bashir: Bar shi a jaka. Ka nemi tsani.